Malama, ni ma darasin nan ya taɓa sa ni kuka

Assalamu alaikum Malama. Kin tambayi yadda za ki koya wa 'yan aji bakwai dalilin da ya sa gidajen abinci irin su McDonald's ke rasa ma'aikata a Amurka, alhali iyayen wasunsu can suke neman na tuwo. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi, don a 2021 na faɗa ramin nan.

Na buɗe darasin da tambaya: me ya sa ko'ina ake manna takardar neman ma'aikata? Wani yaro ya ce babansa ya ce lalaci ne, mutane sun ƙoshi da tallafin korona. Wata yarinya da mahaifiyarta ke suyar dankali har ƙarfe ɗaya na dare ta kifa kai a tebur, ba ta ƙara cewa uffan ba har aka tashi. Washegari aka kira ni ofis, wai na shigo da siyasa aji. Ko ba'asina ba a ji ba.

Abin ya ƙona min rai don farkon zuwana Amurka aikin gidan abinci na yi. Manajanmu sai ya sauya mana lokacin aiki ba sanarwa. Ranar da mai ya zubo min a hannu, cewa ya yi in ɗaure in koma bakin kasko, layi ya yi tsawo. Tabon na nan har yau. Minti biyar na sallar Azahar kuwa sai na roƙa kamar mai bara.

Ki fara da lissafi, 'yar'uwa. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009. Yaran su ninka da awa 40 na mako, su cire kuɗin haya da na mota, su ga abin da ya rage da idonsu. A Nuwamban 2021 kaɗai mutum kusan miliyan 4.5 suka ajiye aiki, ma'aikatan gidajen abinci da otal na gaba-gaba. Sai ki kawo jihar California da ta kai mafi ƙarancin albashin manyan gidajen abincin nan dala 20 a awa a Afrilun 2024, su yi muhawara a kai. Kada ki tambayi kowa aikin iyayensa.

Kuma don Allah ki gaya musu dokar tarayya: ɗan shekara 14 ko 15 ba ya wuce awa 3 yana aiki a ranar makaranta, ba ya wuce ƙarfe 7 na yamma lokacin karatu. Wasunsu nan da shekara biyu za su nemi aikin. Ki kuma aika wa shugaban makaranta tsarin darasin a rubuce kafin ki shiga aji.