Jirgi ya kafe a yashi, sun ce sai ka biya kafin a sakar maka kwantena

Alhaji na ga saƙonka kuma na gane ɓacin ranka. Ka loda shadda kwantena guda daga Chana, jirgin ya kafe a yashi kafin ya iso Legas, an kashe kuɗi an janyo shi, yanzu masu jirgin sun ce sai ka biya kasonka, alhali kai kana Kantin Kwari ko tekun ma ba ka taɓa gani ba. To ba damfara ba ce, tsohuwar ƙa'idar sufurin ruwa ce da ake kira janaral abarej, wato in an yi asara don a ceci jirgi da kayan ciki, kowa sai ya sa hannu gwargwadon darajar kayansa. Kuma suna da ikon riƙe kwantenar har a ba su jingina.

Amma fa akwai inda za ka kama su. Yarjejeniyar SOLAS ta ƙasa da ƙasa kan kare rayuka a teku, babi na 5, ta wajabta wa kyaftin ya tsara tafiyarsa tun kafin ya bar tasha, ya duba taswira da zurfin ruwa da duk gargaɗin da aka fitar, in ya shigo ruwan da ake ba da rahoto kuma ya sanar da hukumar gaɓar wurin, na'urarsa ta AIS mai nuna inda jirgi yake a kunne. Wannan ba aikin cika takarda ba ne kawai. A 2011 jirgin CMA CGM Libra ya kafe da fitowarsa daga tashar Xiamen, masu jirgi suka nemi wajen dala miliyan 13, wasu masu kaya suka ƙi biya, aka yi ta shari'a har kotun ƙolin Birtaniya a 2021 ta ce tunda ba a rubuta gargaɗin zurfin ruwa a tsarin tafiyar ba, jirgin tun asali bai cancanci shiga teku ba, saboda haka ba sai sun biya ba. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba amma alƙalanmu suna jin irin wannan sosai.

Ni dai shawarata kar ka tsaya jayayya kaya na zaune a tashar Apapa demurej, wato kuɗin jinkirin kwashe kaya, na cin ka. Fara zuwa wajen kamfanin inshorar da ka yi lokacin buɗe Fom M, takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, su za su ba da takardar lamuni a saki kaya. Na san 'yan kasuwarmu da yawa inshorar suna yin ta ne don banki ya karɓi takardu kawai, ko karantawa ba a yi, in taka irin wannan ce sai dai ka ajiye kuɗin jingina da kanka. Ko ta wace hanya, kar ka sa hannu a komai sai lauya ya rubuta cewa ba ka yafe haƙƙinka na ƙalubalanta ba.

Daga nan sai mu nemi tsarin tafiyar da littafin jirgi da bayanan AIS. Shari'ar ruwa ta Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai, ba ta jiha ba. In kuma ruwa ya taɓa shaddar, ka rubuta wa masu jirgin cikin kwana 3 da karɓa, sannan ka ɗauka shekara 1 gare ka ta shigar da ƙara, duk da dokokin Hambog na jigilar kaya ta teku sun ba da 2, gara a bi gajeren. Ka sa kiliyarin ejan ɗinka ya turo min bil of ladin, wato takardar shaidar loda kaya a jirgi, gaba da baya, ƙananan rubutun bayan nan nake son gani.