Amsa ga amaryarmu kan alayyahu, zogale da kanwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Na saurari tambayar amaryarmu, wadda ta ce alayyahunta yana yin baƙi a cikin miya, zogalenta kuma yana ɗaci, ta tambaya ko ta riƙa jefa kanwa kamar yadda maƙwabciyarta ta ba ta shawara. To ƙanwata, ki saurara da kyau, domin kowane ganye da irin wutar da yake so, kuma kanwa ba maganin kowace matsala ba ce.

Abin da yake ɓata launin alayyahu abu biyu ne: daɗewa a kan wuta, da haɗuwa da tsami. Ganye ne mai laushi, minti 3 zuwa 5 sun ishe shi, don haka shi ne na ƙarshen shiga tukunya, bayan nama ya yi laushi, mai ya taso, an gama daidaita gishiri da daddawa. Idan kin zuba shi, kada ki rufe tukunyar ruf, domin tururin da murfi ya tsare yana dusashe korensa. Tsami kuwa, ko na tumatir ne ko na yakuwa, yana mayar da koren ganye ya koma ruwan ƙasa, shi ya sa a miyar taushe ake fara zuba yakuwa bayan kabewa ta narke, ta dahu tare da gyaɗa, wadda take kashe kaifin tsaminta, sannan alayyahu ya biyo baya dab da saukewa. Haka tsarin yake a faten tsaki ko na acca da muke alfahari da shi a nan Kaduna, sai dai in za ki sa wake, ki bari ya nuna tukuna kafin yakuwa ta shiga, domin tsami yana hana wake laushi ko da kin ƙarar da gas ɗinki a kansa.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, kanwa tana riƙe koren ganye, tana kuma sa shi saurin dahuwa. Amma tana lalata sinadarin bitamin C da na B1, kuma in ta yi yawa sai ganyen ya dagargaje, miyar ta ɗauki wani ɗanɗano kamar na sabulu. A ra'ayina alayyahu ba ya bukatarta ko kaɗan. Inda take da aiki shi ne a lalo da karkashi, waɗanda ake nema don yauƙinsu, a nan ma ɗan ƙanƙanin gutsure za ki jiƙa a ruwa, ki tsiyaye ruwan saman kawai, ki bar yashin da ya kwanta a ƙasa.

Zogale kuwa, ɗacinsa yawanci daga tsufan ganye yake da kuma itatuwan da aka bari a ciki. Ki zaɓi mai ɗanyen toho, ki zauna ki tsince shi sosai, aikin da 'yan matan yanzu suke gudu, sannan ki zuba shi a ruwan da ya riga ya tafasa, ya yi kamar minti 20 ko har ki murza shi ya murzu, ki tsane shi a matsami. Rama da tafasa ma haka ake yi musu, sai dai ita rama a matse ta da kyau saboda tsaminta. Wajen kwaɗo kada ki yi rowar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba daɗi kaɗai suke ƙarawa ba, jiki ba ya iya cin moriyar bitamin A da ke cikin ganyen sai da maiƙo. Masu cin zogale don ƙarin jini kuma su daina korawa da shayi nan take, domin ganyen shayi yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki, alhali ɗanyen tumatir ko matsin lemon tsami yana taimaka masa.

Batun wanki ma yana da muhimmanci. Da rani yawancin ganyen da muke saya a Bakin Dogo ko Kasuwar Bacci na lambu ne, wanda ake yi wa ban-ruwa, saboda haka ki wanke shi a ruwa mai yawa sau 3, kina tsamo ganyen kina barin yashi a ƙasan roba, kuma ki wanke kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba.

Idan damina ta yi nisa ganye ya yi araha, ki shanya zogale da lalo a inuwa inda iska take kaɗawa, ba a tsakar rana ba, ki adana su a mazubi mai murfi idan sun bushe ƙarau. Ki gwada taushen a ƙarshen makon nan, ki turo mana hoto mu ga launinta. Wassalamu alaikum.