Tambayi Likita: an ce Baba yana da ƙari a bututun madaci

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta, dan Allah ina neman bayani akan mahaifina, shekarunsa 64, kusan wata biyu kenan idonsa ya yi rawaya kamar mai shawara, ga ƙaiƙayi dare da rana har ya ji wa kansa ciwo da susa, fitsarinsa ya yi duhu bayan gidansa kuma ya koma fari-fari, ya rame sosai amma ko kaɗan baya jin ciwo. Da aka yi masa hoto sai aka ce wai ƙari ne a bututun madaci, aka sa masa wani ɗan bututu a ciki yanzu idon ya washe. To Dakta ya warke kenan? Kuma mu 'ya'yansa za mu iya ɗauka? Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Bari in fara da abin da ya fi damuna a wasiƙarki, washewar idon nan ba warkewa ba ce, dan Allah kada ku saki jiki ku daina zuwa asibiti.

Hanta ce ke yin ruwan madaci, sai ya bi ta wasu siraran bututu ya taru a madaciya, daga nan ya sauka hanji ya taimaka wajen narka maiƙo, kuma shi ne yake ba bayan gida kalarsa. To idan wani abu ya tsiro ya toshe hanyar sai ruwan ya koma cikin jini, shi yasa ido ke yin rawaya, fitsari ya yi duhu, fata ta yi ta ƙaiƙayi, bayan gida kuma ya yi fari tunda ruwan bai isa hanji ba. Ɗan bututun da aka sa wa Baba, wanda muke ce wa sitent, hanya kawai ya buɗe, ƙarin yana nan inda yake.

Shi ƙarin nan ba a cika samunsa ba, amma gaskiya yawancin wanda ke toshe hanya haka a dattijo ciwon daji ne, sunansa a likitance kolanjiyokasinoma. Wani yana fitowa a cikin hanta, wani can ƙasa kusa da hanji, wanda aka fi gani kuma shi ne na mahaɗar bututun dama da na hagu daidai ƙofar hanta, ana ce masa ƙarin Klatskin saboda likitan Amurka Gerald Klatskin da ya yi bayaninsa a 1965. Akwai kuma waɗanda ba daji ba ne, har akwai wani kumburin bututu da garkuwar jiki ke haddasawa mai kama da daji sak a hoto amma magani na kwantar da shi, shi yasa ake son a tsinko ɗan nama a duba kafin a yanke hukunci.

Inda ƙarin yake shi ne komai, don haka ki tambayi likitansa kai tsaye: a ina yake, ya taɓa manyan jijiyoyin jini, ya bazu, zai ciru? Tiyata ce hanyar da ake sa ran warkewa da ita, in na sama ne a yanke shi da wani ɓangare na hanta, in na ƙasa ne a yi wata babbar tiyata da ake ce wa Whipple, inda ake cire shi tare da wani ɓangare na hanji da naman da ke kewaye. Abin baƙin cikin shi ne cutar tana tafiya shiru, da yawa sai ta yi nisa ake gano ta, amma ko bai ciru ba wallahi ba a naɗe hannu, akwai allurar kemo ta gemcitabine da cisplatin, a 2022 Amurka ta amince a haɗa musu da durvalumab, wata allura mai taimaka wa garkuwar jiki ta yaƙi dajin, sannan akwai ƙwayoyi irin pemigatinib ga waɗanda gwaji ya nuna ƙarinsu na da wani sauyi na musamman a ƙwayar halitta. Ba kowa suke yi wa aiki ba, amma suna ƙara wa wasu kwana da sauƙi.

Maganar ɗauka kuwa kwantar da hankalinki, ba a ɗauka, ki ci gaba da jinyarsa yadda kika saba, kuma galibi ba gado ba ne. Abubuwan da aka san suna ƙara haɗarinsa su ne daɗewar kumburin bututun, tsakuwa a cikin bututun hanta, nakasar bututu da aka haifi mutum da ita, ciwon hanta na B da C, sai wata tsutsar hanta da ake samu daga ɗanyen kifin ruwa wadda ta sa cutar ta yi yawa a arewa maso gabashin Tailan. Mutane da yawa kuma ba a samun dalili ko ɗaya. Abin da zan ce ku yi dai ku gwada ciwon hanta na B, wanda bashi da shi ya yi rigakafi.

Sai ki sa ido sosai, sitent yana iya toshewa, in kika ga zazzaɓi da rawar sanyi ko idon ya fara komawa rawaya, a ranar za ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne, saboda ƙwayar cuta na iya shiga jini da sauri.

Tambaya: Dakta an yi min gwajin jini na CA 19-9 ya fito sama, na duba intanet naga wai alamar kansar madaci ce, tun ranar bana barci. Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam ka samu ka yi barcinka, gwajin nan wani sinadari yake aunawa a jini wanda kan hau a wasu cututtukan daji, amma shi kaɗai baya tabbatar da daji, ko tsakuwa ce ta toshe bututu ko kumburi kawai yana iya hawa, wani kuma yana da cutar amma gwajin ya fito daidai. Ka koma wajen wanda ya rubuta maka shi ya haɗa da gwajin aikin hanta da hoton ciki, in akwai buƙata a yi hoton MRI na bututun, sannan a maimaita gwajin bayan wani lokaci a ga ko yana hawa ko sauka.