Sunan ƙanen mijina ne a takardar fansho, shin ni da yara mun rasa ke nan?

Tambaya: Barista, mijina ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rasu watanni biyar da suka wuce yana bakin aiki, ya bar ni da yara uku, maza biyu da mace ɗaya. Da na fita takaba na je ofishinsu, sai aka ce sunan ƙanensa ya rubuta a matsayin makusanci tun kafin mu yi aure. Yanzu ƙanen ya ce kuɗin fansho nasa ne. Ina mafita?

Amsa: Malama, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, maganar ƙanen mijinki ba ta da tushe a doka, aƙalla game da kuɗin asusun fanshon.

Makusancin da ma'aikaci ke rubutawa a fom mutum ne da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. Rubuta sunansa bai mayar da shi magaji ba. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne magaji, har da wasu ma'aikatan ofis da ya kamata su fi kowa sani.

Kuɗin da ake magana a kai iri biyu ne, kowanne da hanyarsa. Na farko shi ne abin da ya taru a asusun ajiyar fanshonsa, inda ake zuba aƙalla kashi 18 cikin 100 na albashi duk wata, 10 daga gwamnati, 8 daga aljihunsa, tare da ribar da kuɗin suka haifar. Idan ya fara aiki kafin sauyin tsarin da aka yi a 2004, akwai kuma haƙƙinsa na shekarun baya da za a lissafa a zuba. Sashe na 8 na Dokar Fansho ta 2014 ya ce kamfanin da ke kula da asusun zai saki kuɗin ne bayan an kawo masa wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, ko umarnin kotun da ke da hurumi, kuma sai hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ta amince. Ma'ana wannan kuɗi gado ne, kamar gidansa da motarsa. Idan Musulmi ne, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, ke kina da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, iyayensa idan suna raye kowanne ya ɗauki sudusi, wato ɗaya bisa shida, saura na yara. Ɗan'uwa ba ya cin gado in akwai ɗa namiji, ku kuwa kuna da biyu.

Na biyu shi ne inshorar rai, kuma a nan ne nake so ki buɗe ido. Doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Wanda ke karɓar naira miliyan 2 a shekara, iyalinsa na da miliyan 6. Sai dai kamfanin inshora yana biyan wanda mamacin ya ambata da suna a takardar inshorar ne, ba ya jiran rabon gado. Takardar nan daban take da fom ɗin makusanci, don haka ki nemi a nuna miki ita kanta, kada ki tsaya a kan abin da aka faɗa miki da baki. Idan sunanki ko na yara ke ciki, magana ta ƙare. Idan na ƙanen ne, lauyanki ya hanzarta rubuta wa ma'aikatar da kamfanin cewa akwai jayayya, ya kuma nemi kotu ta dakatar da biya har a tantance. Kuɗin da suka riga suka shiga hannu, dawo da su jan aiki ne.

Shawarata ita ce ki fara da zaman sulhu. Ki sami dattijo a dangin mijinki a zauna, a karanta wa ƙanen abin da doka ta ce. Sau tari jahilci ne da zugar mutane, kuma baffan yaranki ne, gobe ma akwai rana. Idan ya yarda, sai ku nemi takardar izinin kula da dukiyar daga kotu tare, da sunanki a cikin masu kula da dukiyar. In ya ƙi, ki shigar da batun gadon da kanki, ki kuma sanar da kotu kada a ba kowa takarda ba da saninki ba.

Ki tanadi shaidar rasuwa, shaidar aure, takardun haihuwar yara, takardar albashinsa ta ƙarshe da lambar asusun fanshonsa. Ki tabbata takardar kotun ta ambaci asusun da sunan kamfanin fanshon ƙarara, domin rashin hakan kan sa a mayar da mutum baya. Kada ki sa hannu a kan wata takarda da ba a karanta miki ba, ko da an ce ta gaggawa ce. Idan kamfanin ya yi ta ja miki rai bayan kin cika sharuɗɗa, ki kai ƙorafi a rubuce ga PenCom, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.