Zartsi, bakin teku da jar koma

Wani malamin makaranta daga Yawuri ya ji ana labarin raguwar kifi a "bakin tekun Salum" na ƙasar Senegal, yana tambaya ko haka ake kiran wurin da kogi yake shiga teku.

Malam, ba haka ba ne, kuma wannan sakaci na masu fassarar labarai ya daɗe yana damuna. Bakin teku gaɓa ce, wato tudun da igiyar ruwa take duka. Wurin da kake nufi mahaɗar kogi da teku ce, inda ruwan daɗi yake cakuɗuwa da na gishiri, kuma Hausa tana da sunan irin wannan ruwa tun kafin Bahaushe ya ga teku: zartsi. Duk wanda ya taɓa shan ruwan rijiyar da ke da kanwa-kanwa ya san shi, amma yau sai ka ji ana cewa "ruwa mai ɗan gishiri-gishiri", kamar kalmar ta mutu. Muhimmancin bambancin shi ne, a cikin zartsin nan, tsakanin saiwoyin itatuwan da ke tsira cikin ruwa, 'ya'yan kifi suke girma kafin su fita teku. A kogin Salum ma abin ya wuce zartsi, domin tun farin shekarun 1970 ruwan daɗin da ke gangarowa ya ragu ƙwarai, rana kuma tana ƙafar da wanda ke kwance, har ya zama idan ka nausa sama wajen garin Kaolack gishirin ruwan ya ninka na tekun kansa a lokacin rani. Kifaye da yawa sun ƙaurace wa wannan sashe, sai irin wata karfasa mai jure gishiri. Wanda ya ce "bakin teku" ya shafe duk wannan bayani da kalma biyu.

Wata ɗaliba daga Kumasi tana tambayar ma'anar "ruwa ba ya tsami banza".

Ba abin da ke sauyawa ba dalili, kuma amsar da ke sama ta ishe ki misali.

Wani kuma ya ce ya ji ana cewa "kifi na ganinka mai jan koma".

Jar koma ake cewa, domin koma, wato ragar kamun kifi, mace ce, kuma launinta ake nufi. Ma'anarsa, wanda kake haƙo ya riga ya gane ka.

Tambaya ta ƙarshe daga Zinder: mene ne "kamun kifi mai ɗorewa"?

Kalmar "ɗorewa" ta sha wahala a bakin masu taron bita, har ta kusa rasa ma'ana. Su kuwa masunta, waɗanda sana'arsu "su" ce, ba su jira ta ba. A Argungu Sarkin Ruwa yana hana su, wato kamun kifi, a kogin Matan Fada sai lokacin biki, don kifi ya hayayyafa ya girma. Haka aka yi a mashigin Bamboung na Salum, wanda gwamnatin Senegal ta ayyana a matsayin keɓaɓɓen wuri a 2004, mutanen ƙauyukan yankin kuma suke gadinsa da kansu. Ni dai da za a bi tawa, da "hutar da ruwa" aka ce, tunda manomi ya riga ya san hutar da gona.