Gwiwata ta yi targaɗe, yaya zan koma yoga?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni malamar makaranta ce a Birnin Kebbi, shekarata 34. Shekara uku ke nan ina yoga a ɗakina bayan sallar asuba, a YouTube na koya, kuma ita ta raba ni da ciwon baya. Sati biyar da suka wuce kabu-kabu ya kayar da ni, ƙafar dama ta lanƙwashe ta ciki. An yi hoto a asibiti aka ce babu karaya, jijiyar gefen gwiwa ce ta ciki ta ja. Yanzu ina takawa ba sanda, amma ba na iya durƙusawa, sallah ma a kujera nake yi. Shekaranjiya na gwada harɗe ƙafa kamar yadda na saba, sai da na yi ƙara, gwiwar ta kwana a kumbure. Inna ta ce in je wurin maɗori a ja ƙafar, maigida ya ce in bar yogar gaba ɗaya. Ni kuwa raina ya ɓaci, ji nake wahalar shekara uku ta tafi a banza. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ba sai kin bar yoga ba, amma wadda kika saba da ita za ta jira ki tukuna. Maganar jan ƙafa kuwa, ki ba Inna haƙuri. Ba gocewa ƙashin ya yi ba balle a mayar da shi, jijiya ce take ƙoƙarin haɗewa, kuma ja shi ne ainihin abin da ya ji mata ciwo tun farko.

Mu Hausawa kusan komai jijiya ne a bakinmu: mai ɗaukar jini jijiya, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya, mai ɗaure ƙashi da ƙashi ita ma jijiya. Taki wannan ta ƙarshen ce. Tana gefen gwiwa ta ciki, ta ɗaure ƙashin cinya da na ƙauri, aikinta ta hana gwiwa karkatowa ciki wajen 'yar'uwarta. Abin farin ciki shi ne tana samun jini sosai, shi ya sa galibi take warkewa ba tare da tiyata ba. Idan ja ne kaɗan, sati ɗaya zuwa uku ya isa. Idan wani ɓangare ya yage, a yi lissafin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan ta tsinke gaba ɗaya, ana iya kai wata biyu zuwa uku. Amma ko ciwo ya lafa, sabon naman da ya cike gurbin yana ɗaukar watanni kafin ya yi ƙwari, kamar ginin da aka daɓe da siminti, samansa ya bushe cikinsa da saura. Ke a sati biyar kina daidai wannan gaɓar da ta fi yaudarar mutane: kina tafiya, kowa na yi miki barka, sai ki ɗauka an gama.

Akwai abin da ya kamata ki sani game da hoton da aka yi miki. Hoton ƙashi, ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna jijiya ko guringuntsin da ke shimfiɗe tsakanin ƙasusuwan gwiwa. Irin faɗuwar da kika yi takan haɗa da guringuntsin nan, wani lokaci har da jijiyar tsakiyar gwiwa. To ki lura. In gwiwar tana maƙalewa ki kasa miƙe ta, ko tana zamewa kamar za ta yar da ke idan kin juya, ko kumburin yana dawowa duk sati, ki koma wurin likitan ƙashi ya sake murza ta da hannu, shi zai ga ko ana bukatar hoton MRI, wanda ke nuna jijiya da guringuntsi. In kuwa sharaɓarki ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo in an taɓa, ko numfashi ya soma yi miki wuya, wannan ba na jira ba ne, ki tafi asibiti a ranar, domin jini kan daskare a jijiyar ƙafar da ta daɗe ba motsi. Kuma ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ki nemi sashen gashin ƙashi a asibitin tarayya na nan Birnin Kebbi ko asibitin Sir Yahaya, a gan ki ido da ido ko sau biyu ne. Ni daga wasiƙa nake magana, ban taɓa gwiwar ba.

Yanzu harɗe ƙafar da ta sa ki ƙara. Gwiwa kamar ƙyauren ɗaki take, buɗewa da rufewa ta sani, murɗawarta kaɗan ce. A zaman da masu yoga ke kira fadmasana, inda kowace ƙafa ke hawa kan cinyar ɗaya, kwatangwalo ne ya kamata ya juya. Bayan sati biyar na ɗingishi da zaman kujera kwatangwalonki ya sage, sai juyin da ya ƙi yi ya sauka a kan gwiwa. Wannan zaman ki ajiye shi, shi ne zai zo ƙarshe, kuma in bai dawo kamar da ba babu abin da kika rasa na lafiya. Haka zama tsakanin diddige biyu da ƙafafu a baje waje, wanda kai tsaye yake buɗe gefen da kika ji ciwo. Haka duk tsayuwar da za ki kafa ƙafa a ƙasa ki murɗa jiki a kanta.

Abin da zai yi miki wuyar karɓa shi ne wannan. Shekara uku kina auna ci gabanki da laushin jiki, yau hannu ya kai gwiwa, gobe ya kai yatsun ƙafa. Jijiyar da ta ja ba ta bukatar ƙarin laushi, ta riga ta saki fiye da kima. Ƙarfi take nema daga tsokokin da ke kewaye da ita. Ki zauna ki miƙe ƙafafu biyu, ki dubi cinyoyinki ɗan sama da ƙoƙon gwiwa. Ina kyautata zaton ta dama ta fi ramewa. Gwiwar da ta kumbura takan sa tsokar gaban cinya ta daina kamawa yadda ya kamata, kuma cikin 'yan makonni take zubewa. Aikinki na watan nan shi ne dawo da wannan tsokar.

Ki fara a kwance, a kan darduma ko katifa mai tauri, domin tabarmar roba tana santsi a kan siminti. Ki naɗe tawul ki sa ƙarƙashin gwiwar, ki danna shi ƙasa har ki ga ƙoƙon gwiwa ya ja sama, ki ƙirga biyar, ki saki, sau goma. Sai ki riƙa jawo diddige a hankali zuwa mazaunai kina mayarwa, iyakar inda bai yi zafi ba. Sai ɗaga ƙafar a miƙe kamar kamu ɗaya daga ƙasa. Sai wanda kika riga kika sani a yoga, ki kafa tafin ƙafafu biyu ki ɗaga ƙugu sama kamar gada, amma ki matse ƙaramin filo tsakanin gwiwoyi kada ta dama ta karkace. Miƙa bayan cinya kuwa ki yi shi da gyale: ki rataya shi a tafin ƙafa kina kwance, ki ɗaga ƙafar da shi. Wannan zai kula miki da bayan da kike tsoron ciwonsa ya dawo. In kin gama, ki kwanta ki jingina ƙafafu a bango minti biyar, yana taimaka wa kumburi ya sauka. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya ishe ki duka.

Wani kuskure da nake yawan gani: mutum ya kwana da filo ƙarƙashin gwiwa saboda daɗi. Daɗin gaskiya ne, amma gwiwar da ta saba kwana a tanƙwashe takan ƙi miƙewa sarai, kuma dawo da miƙewar ya fi dawo da lanƙwasawa wahala. In za ki ɗaga ƙafa, filon ya kasance ƙarƙashin diddige da sharaɓa.

Kada ki raina kanki don kin koma aiki da gyale da filo da bango. Ɗaya daga cikin manyan malaman yoga na Indiya, B.K.S. Iyengar, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 95, da ciwo ya tashi tun yana yaro, kuma makarantarsa da ke birnin Pune ta yi suna ne da amfani da kujera, igiya, bargo da guntun katako don marasa lafiya da tsofaffi su iya yi daidai ƙarfinsu. A gidanki akwai madadinsu duka. Turmi in an kife shi ya isa abin dafawa, kujerar tsugunno ta isa abin ɗaga mazaunai idan lokacin zaman ƙasa ya yi.

To yaya za ki san kin wuce gona da iri? Ki ba ciwon maki daga sifili zuwa goma. Tsami ko ja da bai wuce uku ba, wanda ya lafa da kin tsaya, babu laifi. Suka mai kaifi a gefen ciki kamar an caka tsinke, wannan ki tsaya nan take. Amma alƙalin gaskiya shi ne washegari da safe. Jiki magayi. In kin tashi gwiwar ta fi jiya kumburi ko tauri, aikin jiya ya yi yawa, ki rage rabi. In tana nan yadda take, ki ci gaba, bayan kwana uku ko huɗu ki ƙara abu ɗaya tak. Ki sami igiyar awo irin ta tela ki riƙa auna kewayen gwiwar a wuri guda kowace safiya, ki rubuta a bayan littafin darasinki. Kuma kada ki sha maganin kashe zafi kafin ki hau darduma, zai rufe bakin mai ba ki labari. Irin su ibuprofen da diclofenac ma ba a ɗorewa a kansu ba tare da likita ba, musamman ga mai gyambon ciki. In ta kumbura, ki naɗe ruwan leda mai ƙanƙara a zani ki ɗora minti goma sha biyar. Gashi da ruwan zafi ki bar shi sai ranar da babu kumburi.

Idan kin kai kina tashi daga kujera sau goma ba dafawa ba ciwo, kuma kina iya tsayawa da ƙafar dama ita kaɗai daƙiƙa talatin kusa da bango, sai ki shigo da tsayuwar yoga. Ki taƙaita taku, kada ki buɗe ƙafa sosai, ki lanƙwasa gwiwar kaɗan, kuma idonki na kanta: ƙoƙon gwiwa ya kalli yatsan ƙafa na biyu, kada ya faɗo ciki. A tsayuwar ƙafa ɗaya da ake kwatantawa da bishiya, ki ɗora tafin ɗayar a idon sawu, kada ki taɓa dafa shi a gefen gwiwa. Durƙuso shi ne na baya, a kan filo, da wani filon tsakanin cinya da sharaɓa.

Sallah a kujera kada ta dame ki. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da dama: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Sujada da zaman tahiya suna lanƙwasa gwiwa har ƙarshe, don haka su ma a hankali za ki koma musu. Ki fara gwadawa da nafila raka'a biyu, ki ga yadda gwiwar ta kwana. Banɗakin tsugunno shi ma aiki ne babba a kan gwiwa. In shi ke gare ku, a samo kujera mai huda a tsakiya na ɗan lokaci.

Sai ɓacin ran. Na fahimce shi, kuma ba shagwaɓa ba ce. Wannan rabin sa'ar bayan asuba wataƙila ita kaɗai ce taki a yini, kafin yara su tashi, kafin hayaniyar aji. Kada ki saki lokacin, ki canza abin da kike yi a cikinsa kawai. Ko ranar da gwiwar ta ƙi, ki zauna a kujera ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida, na minti biyar. Tsawaita fitar numfashi yana sassauta bugun zuciya, jiki ya saki, kuma mai ciwo da ya daina ɗaure jiki ya fi jin sauƙi. Bidiyoyin da kika saba bi ki huta da su tukuna. Mai koyarwar ba ta san kin faɗi ba, kuma za ki yi ta gasa da ita, ko kuma da yadda ke kanki kike watanni biyu da suka wuce. Shekara ukun ma ba su tafi ko'ina ba. Wanda ya saba sauraren jikinsa ya fi saurin gane bambancin tsami da suka, kuma irinku ne muka fi jin daɗin aiki da su a sashenmu, matsalarku ɗaya ce, gaggawa.

Akwai kuma kishiyar gaggawa, wato tsoro. Bayan ƙarar da kika yi shekaranjiya, mai yiwuwa ki soma kaffa-kaffa da ƙafar, ki jingina nauyinki duka a ta hagu. Watanni kaɗan sai ta hagun da ƙugu su fara nasu ƙorafin. Ki riƙa takawa sosai da ƙafar dama, diddige ya fara sauka, tafiyar minti goma a fili mai laushi da sassafe ko bayan la'asar, tunda kin san zafin Kebbi.

Shi kuma maigida, ki nuna masa wannan amsar, ki ba shi aikin riƙe igiyar awo. Ki bar gwiwar ta huta kwana biyu ko uku har kumburin shekaranjiya ya sauka, sannan ki fara da tawul ɗin nan. Bayan sati biyu ki sake rubuto mini adadin da kuka auna da abin da masu gashin ƙashi suka gani.