Ana iya zuba baƙin man tifa a ƙaramar mota, babur da janareta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tifa biyu da ake ɗibar yashi da su, kuma saboda rangwamen farashi nakan sayi baƙin mansu durom guda, mai lamba 15W-40. A gida akwai tsohuwar Golf 3, da Corolla ƙirar 2015 ta uwargida, da babur Boxer da yara ke zuwa aike da shi, da injin ban ruwa a fadama, sai ƙaramin janareta Tiger na shago. Makanikina ya ce mai duk mai ne, wani kuma ya ce man manyan motoci ya yi wa injin fetur kauri. Wanne ne gaskiya? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kowane ɗayansu ya faɗi wani ɓangare na gaskiya ya bar saura, domin injunan nan biyar da ka lissafa ba hukunci ɗaya suke da shi ba, kuma abin da zai raba gardamar yana rubuce a jikin durom ɗinka.

Bari mu fara kawar da maganar kauri. Ma'aunin kaurin baƙin mai ɗaya ne ga injin dizal da na fetur, wato lambobin SAE: lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya kai zafin digiri 100. Saboda haka 15W-40 na tifa bai kai kaurin 20W-50 da ake zuba wa yawancin tsofaffin motocin fetur a garejojinmu ba. Ainihin bambancin yana cikin sinadaran da ake haɗawa da man. Injin dizal yana fitar da kunkunniya mai yawa, kuma sulfar da ke cikin man dizal takan haifar da asid, shi ya sa ake cika mansa da sinadaran wanke datti, da masu riƙe kunkunniya don kada ta dunƙule, da masu kashe kaifin asid, tare da sinadarin zinc da fosfaras da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Waɗannan sinadarai alheri ne ga wasu injuna, ga wasu kuma su ne tushen matsala.

Ka duba jikin durom ka nemi haruffan API, wato ma'aunin Amurka da ke nuna matakin ingancin baƙin mai. Matakan da suka fara da C na dizal ne, kamar CH-4 na 1998, CI-4 na 2002, CJ-4 na 2006 da CK-4 na 2016, waɗanda suka fara da S kuma na fetur ne, kamar SL na 2001, SN na 2010 da SP na 2020. Da yawa daga cikin man manyan motoci suna ɗauke da lamba biyu a haɗe, misali CI-4/SL, ma'ana kamfanin ya amince a zuba shi a injin fetur da ke buƙatar matakin SL ko ƙasa da shi. Idan harafin C kaɗai ka gani, to kamfanin bai ɗauki alhakin injin fetur ba, kuma bai kamata ka ɗaukar masa ba.

Idan durom ɗinka na da lamba biyun nan, Golf 3 za ta sha shi lafiya lau. Mota ce ta shekarun 1990, an ƙera ta lokacin da 15W-40 ke cikin man da ake zubawa yau da gobe, kuma zafin bazara na Arewa ya dace da wannan kaurin. Kada dai ka firgita idan ka ga man ya yi baƙi da wuri a juyen farko, domin tsohon datti ne yake kwasowa. Ka gaggauta juye na biyu, ka canja filta tare da shi.

Corolla ta uwargida kuwa ban ba ka shawarar ka kusance ta da shi ba. Idan daga Amurka ta fito, za ka ga an rubuta 0W-20 a kan murfin wurin zuba mai, kuma idan injin ya yi zafi 15W-40 ya kusan ninka wannan kauri. Injinta yana da tsarin VVT-i, wanda da ƙarfin baƙin mai yake sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul ta wasu ƙananan hanyoyi, ga shi kuma mai kauri yakan yi jinkirin kaiwa saman inji da sanyin asuba, lokacin da ƙarafa suka fi cin juna. Akwai kuma batun matacin hayaƙi da ke cikin salansa. Man sababbin motocin fetur an taƙaita fosfaras ɗinsa zuwa kashi 0.08 cikin ɗari, alhali matakin CJ-4 ya yarda da 0.12, CI-4 ma ba a sa masa iyaka ba. Duk ɗan man da ya ƙone a cikin silinda yana kai wannan fosfaras kan matacin, a hankali ya dushe shi, kuma duk wanda ya taɓa tambayar kuɗin sabo ya san rangwamen durom ba zai biya shi ba. Idan motar ta maƙale a hanya da ƙarancin mai, ciko da rabin lita ya fi tafiya da inji a bushe, amma wannan larura ce kawai.

Babur shi ne ya fi buƙatar bayani, domin a Boxer da ire-irensa mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya da kuloci aiki, farantan kuloci ma a cikinsa suke a jiƙe. Man ƙananan motoci na zamani yana da sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, wanda kan sa kuloci ya riƙa zamewa, ka ji babur yana ƙugi a hawan tudu amma ba ya ja. Saboda wannan ne Japan ta fito da ma'aunin JASO a 1998, inda MA da MA2 suke na babura masu jiƙaƙƙen kuloci, MB kuma na waɗanda kulocinsu ba ya cikin mai. Man manyan motoci galibi ba shi da wannan sinadarin santsi, shi ya sa masu babura a Amurka suka daɗe suna zuba Shell Rotella, wanda wasu nau'o'insa suke ɗauke da JASO MA a jikin galan. Amma wannan shaida ce ta wancan man, ba ta kowane man dizal ba. Idan ka ga JASO MA a durom ɗinka, ka zuba hankali kwance. Idan babu, zai iya yin aiki, sai dai lita ɗaya kacal babur ke sha, kuma a ganina bambancin kuɗin lita ɗaya bai kai a yi caca da kuloci ba. Ka tuna kuma haƙoran giya suna sassaƙe kaurin mai, don haka 15W-40 zai tsinke da wuri fiye da 20W-50 da aka saba zuba wa waɗannan babura masu sanyaya da iska.

Injin ban ruwa shi ne inda man nan ya fi amfani, muddin yana da wurin zuba baƙin mai daban da tankin fetur. Injuna irin Honda GX160 da kwaikwayonsu ba su da filtar mai, ba su da famfon mai, wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fistin ke watsa shi, kuma abin da suke ɗauka bai wuce lita 0.6 ba. Littafinsu ya ambaci 10W-30, amma injin da ke wuni cikin rana da ƙurar fadama ba zai cutu da 15W-40 ba. Abin da ke kashe su shi ne rashin juye, saboda haka ka juye bayan awa 20 na farko idan sabo ne, daga nan duk awa 100, ko ƙasa da haka lokacin hunturu.

Janaretan Tiger kuwa, in dai irin wanda ake haɗa masa mai da fetur ne, kada ka zuba masa ko ɗigo. A irin wannan injin man yana ƙonewa tare da fetur, kuma sinadaran wankin da muka yaba a sama toka suke zama, su daskare a kan filogi da ringi, su toshe hanyar hayaƙi. Na san da yawa suna tsiyaya masa ragowar man mota, kuma su ne kullum ke zaune suna kankare filogi. Nasa man shi ne mai alamar 2T, bisa ma'aunin da aka rubuta a jikin janaretan, wanda galibi 50:1 ne, wato mililita 20 a kowace litar fetur.

Tun da durom kake saye, ka ajiye shi a inuwa a kwance ko a ƙarƙashin rumfa, domin durom da ke tsaye a fili yakan tara ruwan sama a kansa, ya kuma zuƙe shi ta bakin murfi idan ya huce da dare. Mazubin da ake ɗiba da shi ma a keɓe shi, a riƙa rufe shi, kada ya zama jarkar da jiya aka zuba dizal ko tsohon mai a ciki.